Teku da tsofaffin kan sarki

Ni dai a wannan aiki na liƙa kan sarki a kwali har ya zama hoton teku, wanda aka riga aka buga wa hatimi shi nake nema, sabo fil bai dame ni ba. Dalili kuwa injin gidan waya yakan bar wasu layuka masu lanƙwasa a kai, to in ka jera shuɗaye da koraye layukan suka haɗu da juna wallahi igiyar ruwa ce sak, ba sai ka zana komai ba. Haƙoran gefen nan farare kuma su ne kumfa.

Wanda nake kai yanzu daga zanen Turner, wani mai zane ɗan Ingila, na ɗauko shi, The Fighting Temeraire, da aka fara nunawa a 1839, yana nan a gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan. Tsohon jirgin yaƙi ne wani ƙaramin jirgi mai hayaƙi ke ja a kogin Thames za a je a wargaza shi, rana tana faɗuwa a gefe. Sararin saman ne wahalar, don Turner ba ya yanke kala, ja ya narke cikin ruwan ɗorawa ya shige ruwan toka ba ka san inda ɗaya ya ƙare ba, shi kuwa kan sarki kalarsa guda ce, dole sai ka yayyaga shi ƙanana da hannu ka riƙa ɗora wani kan wani, almakashi kam ɓata shi yake yi. Masu kan Sarauniya Elizabeth da Ingila ta fara fitarwa a 1967 su ke cetona a nan, hoto ɗaya ne amma kaloli barkatai kuma ga su nan birjik.

Cire su daga ambulan ba wuya, ka jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi su saki da kansu, ka kife su su bushe sannan ka danne da littafi mai nauyi. Jan ambulan fa a ware shi daban don yana zuba. Na zamani masu gam a jiki yawanci ruwa ba ya sakinsu.

Amma dan Allah kafin ka yaga ka duba tukuna, wani mai daraja ne a wurin masu tarawa. Ni masu lahani da waɗanda suka yi yawa kawai nake taɓawa, mai hoton jirgin ruwa kuwa ba na iya yaga shi, sukutum nake liƙa shi can nesa a bakin ruwa.