Dogon yaron da ke gonar Baba

Bara da rani na je gida, can wajen Kangiwa, da niyyar sai na ga bayan dogon yaron da ya mamaye gonarmu ta tudu. Na ƙirga, manya da ƙanana, ashirin da uku, kuma babu ko ɗaya da hannun mutum ya dasa. Jemagu da tsuntsaye ne ke shan 'ya'yan a cikin gari, su zo su zubar da ƙwallon a nan. Har a gindin tsohuwar tsamiyar da muke ajiye tulun ruwa biyu sun fito, sun kusa kamo ta tsawo.

Abin ya daɗe yana ci mini rai. Itacen nan asalinsa Indiya da ƙasar Bama (Myanmar) ne. Zamanin Turawa aka kawo shi, ya kama ƙasa a Barno wajejen 1928, bayan farin 1973 kuma aka yi ta dasa shi don tare hamada. Ni kuwa na tashi na tarar da ɗorawa da kanya da kaɗanya a gonar nan, mun sha garin ɗorawa har bakinmu ya yi rawaya. Yau ɗorawa ɗaya tak ta rage.

Na ce, "Baba, baƙon nan fa ya kori 'yan gida." Bai tanka ba. Ya ɗauki sandarsa, ya ce in biyo shi. Ya tsaya a kan wani ɗan gawo da bai kai gwiwa ba, an gwaguye kansa har ɓawon ya saluɓe. "Wannan dogon yaro ne ya ci shi?" Na yi shiru. Ya ce ɗorawar da nake kuka a kai, su da kansu suka sare ta a yunwar 1984, suka sayar da itacen suka auno hatsi. Tun daga nan duk abin da ya tsiro, da an kwashe amfanin gona an saki dabbobi, awaki ke lashe shi. Dogon yaro ɗacinsa ya cece shi, akuya ba ta kula shi sai ta rasa abin ci.

Ban wanke shi duka ba, har yanzu. Inuwarsa ta yi duhu da yawa, gero ba ya yin kirki a ƙarƙashinsa. Dubi gawo kuwa: da damina yake zubar da ganye, rana ta samu shuka, ganyen ya zama taki, da rani ya yi kore dabbobi su ci 'ya'yansa. Amma itacen girkin Inna daga rassan dogon yaro yake fitowa, ganyensa kuma shi muke sawa a rumbu saboda ƙwari. Da na sare su gaba ɗaya, gatarin zai koma kan marke da 'yar ɗorawar da ta saura.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. A yankin Maraɗi, tun 1983, wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin suka lura cewa kututturan da ake ƙonewa lokacin sassabe suna da rai a ƙasa. Sai a bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Da wannan kawai itatuwa suka dawo a hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da gandun renon itace ba.

Haka muka yi. Mun sare biyun da ke shaƙe tsamiya da na tsakiyar gona, na kan iyaka muka rage musu rassa muka bar su suna tare iska. Na roƙi 'yan ƙwadago kada su sa wa sabara da kalgo wuta. 'Ya'yan gawo bakwai muka kewaye da ƙayar magarya. Wuyar aikin ita ce maganar kiwo, don gona ɗaya ba ta iya kare kanta. Sai da Baba ya zauna da mai unguwa da Ardo har sau biyu.

Shekaranjiya ƙanena ya turo mini hoto ta WhatsApp. Cikin 'ya'yan gawon nan, uku awaki sun fasa shingen sun cinye, huɗu suna nan, ɗaya ya kai masa ƙirji. A bayansa ina hango kututturen da muka sare a gindin tsamiya, ya sake fitar da toho, sai na koma da adda bayan girbi.