Hancin motar tsere shi ke fara shan wuya a Jidda

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan La'asar, aka sauke mini wata jar Corvette a ƙofar warsha, wato wurin aikina. A kan saɗaha aka kawo ta, motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora motoci a kai, domin mai ita ya ce tayarta ba za ta taka kwalta ba sai na rufe ta da leda. Sabuwa ce dal, ko rigar kujeru ba a cire ba. Yarana suna jera katako a gaban tayoyi don kada haɓarta ta gogi ƙasa, shi kuwa Alhaji yana tsaye hannu a ƙugu, bai sauke numfashi ba sai da tayoyi huɗu suka dire.

Sana'ata ke nan, na fi shekara 20 a cikinta: goge fenti, shafa seramik, da liƙa ledar kariya. Tun da aka fara tseren Formula 1 a bakin Kornish, gaɓar tekun Jidda, a watan Disamba na 2021, na lura motocin gudu sun ƙaru a ƙofata, kuma a cikin masu kawo su har da 'ya'yanmu Hausawa, haifaffun Makka da Jidda da Madina, waɗanda Allah ya buɗa wa. Tunda aikina yakan ɗauki kwanaki, sukan riƙa leƙowa, ran Alhamis da daddare kuma sai ka tarar da mutum biyar ko shida a kan tabarma, ga butar shayi, kowa yana kare motar da ya saya.

Akwai wani yaro injiniya mai Mustang GT. Shi hujjarsa ɗaya ce, ƙara. Ya ce da ni, "Kawu, na gwada Supra, ta fi ta sauƙin juyawa, ban musa ba. Amma da na tayar da V8 ɗin nan mai lita 5 a cikin wakala, wato gidan sayar da sababbin motoci, sai na ji abin har cikin ƙirjina, nan take na sa hannu." Abokinsa mai Supra ba ya barin wannan magana ta wuce. Yakan ce ƙara ba ta kai mutum Ɗa'if, a hau hanyar Hada mai lanƙwashe-lanƙwashe a gani. Mai Mustang sai ya tsokane shi da cewa ai BMW ya saya da tambarin Toyota. Akwai gaskiya a ciki, domin injin Supra mai silinda 6 na BMW ne, kuma a garin Graz na ƙasar Ostiriya aka haɗa ta, masana'anta ɗaya da Z4. Shi dai amsarsa ita ce, abin da ya ja shi ke nan, ya sami injin Bajamushe, ga kuma wakalar Abdul Latif Jameel da ke sayar da Toyota a ƙasar nan tun 1955, ko'ina ya shiga akwai reshe.

Wata Hajiya likita kuwa, wadda ta karɓi lasisi bayan an buɗe wa mata tuƙi a 2018, Porsche Cayman ta ɗauka. Ta ce ta zauna a cikin 911 ta ji daɗinta, amma kuɗin sun yi nisa, kuma kujerun baya ba wanda za ta ɗora a kai. Ita ce ta fi kowa yi mini tambayoyi masu ma'ana, har sai da na nuna mata kwalin ledar da takardar garanti kafin ta miƙa makulli.

Alhaji mai Corvette shi tsoronsa maɗabbi ne, tudun kwaltar nan da ake yi don a rage gudu, wanda unguwannin Jidda suka cika da shi. Tun 2020 aka mayar da injin Corvette bayan direba, gabanta ya ƙara yin ƙasa. Ya ce shi ya sa ya dage sai mai na'urar ɗaga hanci, wadda ke ɗaga gaban motar kusan inci 2 cikin daƙiƙa kaɗan, har ta riƙe wuraren a ƙwaƙwalwarta ta riƙa ɗagawa da kanta in an iso. Duk cikinsu kuma ba wanda bai koka da kyamarorin Sahir masu kama masu gudun wuce ƙima ba. Mota tana iya gudun da ya ninka na doka, amma ko a manyan hanyoyi irin na Makka zuwa Madina iyakarka kilomita 140.

Ni ba na shiga musun wace ta fi. Abin da nake gani daban ne. Duk motar da suka zaɓa, ƙasa-ƙasa take, hancinta yana daidai da inda tirela ke watso tsakuwa. Ka bi hanyar Madina ranar da iska ta taso da rairayi, ka iso ka duba bamba, za ka rantse an bi ta da samfefa, fitilu ma sun dushe. Ga ranar bazara, ga raɓar Bahar Maliya mai gishiri da ke kwana a jikin mota a Abhur. Fentin kamfani duka-duka kaurinsa bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, wato kusan kaurin takarda, kuma ruwan ƙyallin da ke samansa bai kai rabin haka ba. Ledar da nake sawa takan kai maikiron 200, ita ke karɓar dukan.

Mutane suna ɗauka liƙa leda kamar manna sitika ne. Mota ko daga wakala ta fito sai na wanke ta da guga biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso. Sai in bi ta da wani yumɓu na musamman da ke tsamo ƙurar ƙarfen da ta maƙale tun a jirgin ruwa da tashar jiragen. Daga nan in auna fenti. Corvette nan take gwada gwani, domin jikinta ba ƙarfe ba ne, na'urar awo irin wadda kowa ke da ita ba ta karanta komai a kanta, sai dai ido da fitila da tafin hannu. Bayan gogewa a shigar da ita ɗaki rufaffe mai sanyi, a jiƙa daɓe don kada ƙura ta tashi, saboda ƙwayar rairayi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin leda, a bonet ja, daga nesa za ka hango ta. Na'ura ce ke yanka mini ledar daidai da zanen kowace mota, ina ƙara mata ɗan baki don in naɗe shi ta ciki. Reza ba ta taɓa fenti a warshata. Yaron da na kama da reza a jikin mota, ranar ya gama aiki a wurina.

Wannan tsananin a wurin kawuna na gaje shi, Allah ya jiƙansa. A Hindawiyya yake da wurin wankin mota, lokacin Caprice da Cressida ke tashe. Shekara biyu ina riƙe da tsumma kafin ya bar ni na taɓa injin gogewa. Ranar da ya ba ni kuwa, na daɗe a kan gefen ƙofar wata baƙar Caprice har fentin ya ƙone, farar ƙasa ta leƙo. Bai yi mini tsawa ba. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin, da zafinsa, ya ce, "Ɗana, ka ji? Fenti yana gaya maka kafin ya mutu, kai ne ba ka saurara ba." Shi ya biya fentin daga aljihunsa. Har yau ba na goge gefe sai na taɓa da bayan yatsa na ji ɗuminsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu ledar jabu. Mutum ya sayi mota ta dubban ɗaruruwan riyal, ya biya harajin kashi 15 bai ce uffan ba, sai ya zo kan abin da zai kare ta ya tsaya taya ni kamar tumatir, wai wani a sana'iyya ya ce zai yi masa a rabin kuɗina, cikin kwana ɗaya. Araha ba ta ado. Bara aka kawo mini farar Challenger da aka yi wa irin wannan aiki. Bazara ɗaya ta sha, ledar ta koma launin ruwan shayi, bakinta ya tattare ya cika da datti. Kwana uku muna ɓare ta da tururi, gam ɗin ya ƙi saki, da muka gama kuma sai ga layin reza a zagaye da kowace ƙofa. Mai motar ya zauna a kan bokiti ya rasa abin cewa. Challenger kuwa an daina ƙera ta tun ƙarshen 2023, ita da Camaro duk sun tafi, ba a shiga wakala a ɗauko wata.

Dillalan ma sai an yi hattara. Wani ya taɓa kawo mini nadi a kwali mai sunan babban kamfani, farashi mai daɗi. Na yanki ƙyalle na liƙa a tsohon murfin tanki, na karce shi da burushin waya, na kwara ruwan zafi. Leda ta gari karcen nan ɓacewa yake yi kana kallo. Tasa ko gezau. Na mayar masa da kayansa, ban ƙara ɗaukar wayarsa ba.

Haka nake gaya wa masu neman Camaro ko Challenger a Haraj, kasuwar motocin hannu, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, su kawo mini in auna kafin su biya, kyauta nake yi. Na taɓa ɗora na'ura a ƙofar wata da aka ce ko ƙwarzane ba ta da shi, ta nuna sama da maikiron 400, alamar an cike an sake fesawa.

Corvette ɗin Alhaji yau kwananta huɗu, saura bamban baya da madubai. Jiya ya leƙo ya shafa bonet yana neman bakin leda bai samu ba, ya ce, "Malam, anya ka sa?" Na ɗaga bonet ɗin na nuna masa inda na naɗe ta ciki. Ran Alhamis zai ɗauka, na ce masa kada ruwan wanki ya taɓa ta sai bayan mako guda, kuma in ya dawo daga Ɗa'if ya biyo ta nan in duba gefuna.