Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Littafin Adashin Inna

A makon jiya na tsaya a inda saƙo ya shigo wayata daga wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke Sharaɗa, wai in je intabiyu ranar Litinin, suna neman mai riƙe musu lissafin sito. Watan Yulin 2023 ke nan, an cire tallafin mai, litar fetur ta haura naira 500, kuɗin adaidaita ya ninka. Ni kuwa shekara guda da mutuwar aurena, ina raɓe a ɗakin Inna ni da 'yata, kwalin difilomata ta akanta yana ƙarƙashin katifa.

Kwana uku na yi ina hadda. Ƙawata ta turo mini jerin tambayoyi ta WhatsApp da amsoshinsu cikin Turanci mai maiƙo. Ranar Asabar da yamma Yaya ya dawo daga Dawanau, inda yake harkar hatsi, na ce ya zauna ya zama manaja. Ya gyara zaman hula ya ce, “To malama, me ya sa kike son aikin nan?”

Na karanto masa tiryan-tiryan: ina son ba da gudummawa wajen ci gaban kamfani, ina son ƙara gogewa. Sai ya tuntsire da dariya.

“Wannan ai karatun aku ne. Mutum ashirin za su faɗi haka kafin a kira ki.”

“To Yaya, in ce musu babu ce ta koro ni?”

“Wannan sun sani, ba mai zuwa Sharaɗa shan iska. Abin da suke son ji, me zai zaunar da ke ranar da albashi ya yi latti?”

Na ji haushinsa sosai, amma daren nan ban runtsa ba. Na yi ta ƙirga dalilaina. Kuɗin makarantar yarinya. Gudun habaicin matan gidanmu, waɗanda ko ɗankwali na saya sai sun tambayi wane ne ya ba ni. Sai kuma wanda na fi jin kunyar faɗa: ina so tsohon mijina, da ya hana ni aiki shekara huɗu, ya ji labari. Duk gaskiya ne. Sai dai kowace sana'a za ta iya biya mini waɗannan, ga shi kuma na gwada saida atamfa ta waya, sati uku na watsar, ba don ba a ciniki ba.

Da hantsi Inna ta ƙwala mini kira, “Ɗauko littafin nan, mai koko ta kawo zubi.”

Inna uwar adashi ce tun kafin in yi wayo, kuma ba ta yi boko ba. Ina aji biyar na firamare ta damƙa mini littafin. Kowace mace da alamarta don Inna ta gane shafinta: mai ƙosai na zana mata kasko, mai kitso matsefi, matar liman carbi. Wata shekara aka zo kwasa, naira 200 ta yi ɓatan dabo. Kwana biyu Inna ba ta ci abin kirki ba, domin uwar adashi ba ta da jari sai amana. Na zauna da fitilar ƙwai ina bin layi ɗaya-ɗaya da tsinken tsintsiya, har na gano zubin mai kitso na rubuta shi sau biyu, Laraba da Alhamis. Na tashe ta cikin dare na nuna mata. Daɗin da na ji a ƙirjina lokacin, wallahi ko ranar da na karɓi sakamakon jarrabawa ban ji irinsa ba. Haka a watan Fabrairun 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya, mata suka koma turo zubi ta masu POS ana yanke caji, ni na ja sabon layi a littafin don kada a yi rigima kan naira 50.

Ina riƙe da littafin na ji jikina ya yi sanyi. Ashe abin da nake so ke nan, lissafi ya ƙi fita in bi shi har ya fita, wani ya samu barci.

Na koma wajen Yaya na ce ya ajiye wasan manaja, ya faɗa mini ta ina shinkafa ke ɓacewa. Ya ce shanshera akan saye ta da danshi, in ta sha iska nauyinta ya ragu, a cire ƙaiƙayi, a ware karyayya, a nan tsakani mai dogon hannu yake fakewa, ya ce bushewa ce. Mai sito na ƙwarai shi ne wanda ya rubuta abin da sikeli ya nuna a ƙofar shiga, ya kuma san abin da ya kamata ya fita. Na cika shafi biyu.

Ranar Litinin na saka littafin adashin a jaka, ban ma san dalili ba. Mu goma sha ɗaya ne a kan benci, ni ce ta takwas. Da aka kira ni na yi sallama na shiga, mutum uku a bayan tebur. Na tsakiyar ya ɗago kai, sai gabana ya faɗi: aminin tsohon mijina ne, wanda ya ja motar da ta kai ni gidan aure.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.