Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a hanyar Zariya da waɗanda suka gyara Fijon mahaifinmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, motarmu ta dawo gida, Hajiya ma hankalinta ya kwanta. Waɗanda suka yi ɗawainiya da mu suna da yawa, wasu ko sunansu ban samu tambaya ba, shi ya sa nake yin godiyar a bainar jama'a.

Fijo 505 ce ta marigayi mahaifinmu, haɗin Kaduna, daga masana'antar nan ta Kakuri da ta fara aiki a 1975. Da injinta ya gaji, kayansa suka yi wuyar samu, sai muka ga gara a ɗora mata injin Toyota 3Y, irin na Hiace, da a sayar da ita. Inji ya zauna daram. A wajen tiyo aka samu matsala. Lagireto na Fijo, inji na Toyota, bakunansu ba faɗinsu ɗaya ba, kuma ba sa kallon juna. Famfon sitiyari ya zo tare da injin, shi kuwa sitiyarin na asali ne, zaren notinsu bai dace ba. Wanda ya fara aikin sai ya haɗa tiyo biyu da guntun bututu mai santsi ya ɗaure da kilif, ya murɗa notin sitiyari da ƙarfin tsiya ya naɗe shi da tef, layin da ke mayar da mai kuma ya sa masa tiyon ruwa.

Muna hanyar Zariya gaisuwa, mun wuce Kwanar Dangora kaɗan, allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe gilashi. Na zo sauka gefen titi sitiyari ya ƙi juyuwa sai da na sa ƙarfina duka, ga tirela a bayanmu, ga Hajiya da yara a ciki. Allah ne kaɗai Ya tsare.

Godiyata ta farko ga direban bas ɗin haya da ya tsaya da fasinjojinsa cike. Shi ya riƙe hannuna lokacin da na nufi murfin lagireto, ya ce ruwan ciki ya wuce tafasa, in na buɗe fuskata zai wanke. Shi ya hana a kwara wa injin ruwan sanyi, ya kuma jera ganye a titi don masu tahowa. Direba, Allah Ya kiyaye hanyarka. Matan gidan da ke bakin titi sun shigar da Hajiya da yara inuwa, suka shimfiɗa tabarma, suka dama fura. Mai janwe ya dawo da mu Kano, bai tsawwala ba duk da ya ga muna cikin matsi.

Sai Baba, dattijon bakaniken da abokina ya kai ni wurinsa. Bai taɓa sifana ba sai da ya nuna mini yadda abin ya faru. Man sitiyari ne yake ɗiga a hankali a kan tiyon ruwa na ƙasa. Robar tiyon ruwa an yi ta ne don ruwan zafi, ba ta jure mai. In ya jiƙa ta sai ta kumbura ta yi laushi. Da ta yi laushi kilif ya saki, bututun kuma ba shi da abin da zai tokare, tiyo ya zame. Man da ya tsiyaye shi ne ya bar famfo babu komai, sitiyari ya yi tauri. Ashe ɓarna ɗaya ce ta haifi ɗayar. Ya ƙara da cewa matsin da ke cikin lagireto bai wuce kusan bar 1 ba (bar ma'aunin matsi ne), kamar yadda ake rubutawa a murfinsa, amma layin da ke fita daga famfon sitiyari yakan kai bar 70 zuwa 100 idan aka murɗe sitiyari har ƙarshe. Tef ba zai riƙe wannan ba.

Yadda ya yi aikin ya burge ni ƙwarai. Ya lanƙwasa waya daga bakin inji zuwa bakin lagireto, ya auna faɗin kowanne, ya ba yaronsa ya tafi Ƙofar Ruwa. Ina gode wa ɗan kasuwar da ya yarda aka ɗebo tiyo iri-iri aka gwada, aka mayar masa da waɗanda ba su yi ba, bai ɓata rai ba. Mai juya ƙarfe ya ƙera mahaɗi, gefe ɗaya babba ɗaya ƙarami, ya yi wa kowane baki tudu yadda kilif zai zauna a bayansa. Tiyon matsi kuwa, wato wanda ke fita daga famfon sitiyari, Baba ya ƙi taɓawa da kansa. Ya tura mu wurin masu matse tiyon tifa da katafila, aka sa bakin Toyota a gefe ɗaya, bakin Fijo a ɗayan, aka matse da inji, aka sa sabuwar wosha ta jan ƙarfe. Layin dawowa aka sa masa tiyon mai na gaskiya, aka bi da duka biyun nesa da salansa da fambel.

Bai sallame mu a nan ba. Ya ɗaga gaban motar, ya zuba man ATF, wato man giyar otomatik da ake sa wa famfon sitiyari, ya yi ta juya sitiyari dama da hagu har kumfa ta ƙare, famfo ya daina kuka. Ya fitar da iskar da ta maƙale a lagireto, ya mayar da tamostat ɗin da aka cire, ya duba gasket ya tabbatar bai ƙone ba. Da na ce a gaggauta saboda zirga-zirgar makarantar yara, ya ce in yi haƙuri, iyali za su shiga motar. Baba, na gode. Kuɗin da na biya bai kai aikin da ka yi ba. Allah Ya albarkaci hannunka, Ya shirya maka zuriya.

Saura mutum ɗaya. Akwai matashin ɗan acaɓa da ya yi ta kai da komo da jarkoki yana kawo mana ruwa, ya kuma nemo mana mai janwe. Kafin in juyo in sallame shi ya tafi. Duk wanda ya san shi a wajen Kwanar Dangora, don Allah ya isar masa cewa Hajiya tana sa masa albarka, ni kuma ina nemansa.