Daren da na bar autata a bakin kabari

Har yau in na tuna Juma'ar Ista ta bara sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da kaina.

Duk makon muna karanta Linjila kaɗan-kaɗan da yaran kafin barci, lafiya lau. Ran Juma'a na buɗe Luka sura 23, na karanta har inda Yusufu mutumin Arimatiya ya sa gawar Yesu a kabarin da aka sassaƙa cikin dutse, na rufe littafin. Wai ni mai dabara: su kwana biyu cikin jira, su ɗanɗani abin da almajirai suka ji, murnar Lahadi ta fi armashi.

Babban, ɗan shekara 10, ya san ƙarshen labarin, ya yi hamma ya wuce ɗaki. Autar shekararta 5. Ban ma lura ta yi tsit ba.

Can tsakar dare sai ga ta a bakin gadonmu. "Baba, akwai duhu a cikin kabarin? Wa zai fito da shi?" Na ce ta jira Lahadi. Kun ji wauta? Yarinya jikinta na rawa, ni ina tsaron dabarata. Daren Asabar ta ƙi yarda a kashe fitila.

Mamarta ce ta gaji, ta ce, "Baban yara, duba Markus mana." Na duba 8:31, 9:31 da 10:34. Sau uku Yesu ya gaya wa almajiransa za a kashe shi, kuma ko sau ɗaya bai rufe baki ba sai da ya ƙara cewa bayan kwana uku zai tashi. Ƙarti ne fa, har da masunta, bai bar su da rabin zance ba. Ni na bar 'yar shekara 5 da gawa a cikin duhu.

A daren na ɗora ta a cinya na karanta mata Luka sura 24: matan da suka yi sammako, dutsen da aka mirgine, kabari fanko. Sai da ta sa na maimaita sau biyu kafin barci ya ɗauke ta.

In naku ƙanana ne, don Allah ku haɗa gicciye da tashi a zama ɗaya. Jiran nan na manya ne.

Bana ina buɗe sura 23 ta dafa hannuna: "Baba, fara faɗin na dutsen tukuna."