Gahawar ƙwai: darasin da na ɗauko a tsohon garin Hanoi

Harkar kashu ce ta kai mu Biyetnam, ni da wani Alhaji abokin kasuwancina. Ɗanyen kashun da ake lodi daga Najeriya da maƙwabtanta, kaso mai tsoka a masana'antun kudancin ƙasar ake fasa shi, a gyara, a sake sayar wa duniya. Da muka gama abin da ya kai mu, Alhaji ya ce ba zai koma gida bai ga babban birnin ba. Daga birnin Ho Chi Minh zuwa Hanoi tafiyar awa biyu ce da ɗan ɗoriya a jirgi. Mun baro zafi da gumi a kudu, muka sauka filin jirgin Noi Bai cikin sanyi da wani siririn yayyafi da ba ya jiƙa mutum sharkaf, ba ya kuma ɗaukewa.

A tsohon gari muka sauka, unguwar da ake wa laƙabi da tituna 36. Kowane titi da sunan sana'ar da aka san shi da ita tun da can: Hang Bac na maƙeran azurfa, Hang Gai inda yau ake cinikin siliki. Gidajen sirara ne daga gaba, amma suna da zurfi ta ciki, kuma babura ba sa barin titi ya huta. Abin da ya fara jan idona shi ne zama. Tun da sassafe za ka ga mutane jere a bakin hanya kan 'yan gajerun kujerun roba, kowa da ƙaramin kofi a gabansa, ba mai gaggawa.

Masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc muka fara nema. 'Yan kasuwa Musulmi daga Indiya ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma shi kaɗai ne masallaci a birnin. Bayan Azahar wani bawan Allah ya nuna mana inda ake samun abincin halal a kusa, sannan ya ce kada mu bar Hanoi ba mu sha gahawar ƙwai ba. Ya ƙara da cewa mu riƙa tambaya kafin mu sha, domin akwai wadda ake ɗiga wa giya.

Gidan gahawar Giang yana lamba 39 a titin Nguyen Huu Huan. Ta wani matsattsen lungu ake shiga, wanda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. A ciki kuwa cike yake maƙil, sama da ƙasa. Aka kawo mini ɗan ƙaramin kofi zaune a cikin kwanon ruwan zafi, samansa lulluɓe da kumfa mai kauri, launin ruwan ƙwai da ya ɗan yi haske.

"Malam, ɗanyen ƙwai a cikin gahawa?" in ji Alhaji. "Ni dai a ba ni baƙa, ka sha abinka lafiya."

Na ɗebi kumfar da cokali na miƙa masa. Ya ɗanɗana, ya yi shiru, ya ɗaga hannu ya kira yaron ya kawo masa tasa. Babu ƙarni ko kaɗan. Sama zaƙi da garɗi, ƙasa ɗaci mai ƙarfi, kuma kowanne yana riƙe ɗan'uwansa. A nan na ƙudurta sai na san yadda ake yin ta, da hannuna.

Mutumin da gidan ke ɗauke da sunansa, Nguyen Van Giang, yana aikin haɗa abin sha ne a otal ɗin Metropole, wanda Faransawa suka buɗe a 1901. A 1946 ya fito da wannan haɗi. Duk wanda ya san halin da arewacin Biyetnam ke ciki a lokacin zai gane dalili. Shekara guda kafin nan yunwa ta kashe ɗimbin jama'a, an ayyana 'yancin kai a watan Satumba na 1945, kuma a Disambar 1946 yaƙi da Faransa ya ɓarke a cikin Hanoi kanta. Madara ta yi wuya. Sai Giang ya kaɗa gwaiduwar ƙwai da sukari ta tsaya a madadin kumfar madarar da Turawa suka saba gani a kan gahawarsu. Daga baya ya bar otal ya buɗe nasa wurin, kuma har yau zuri'arsa ce ke riƙe da sana'ar. Gidan Dinh da ke kallon tafkin Hoan Kiem ma 'yarsa ce ta kafa shi. A Fabrairun 2019, lokacin da Donald Trump da Kim Jong Un suka gana a wannan otal na Metropole, gahawar ƙwai na cikin abubuwan da aka riƙa ba 'yan jaridar duniya a cibiyarsu.

Azuzuwan koyon haɗa ta suna da yawa a tsohon gari, kuma yawancinsu awa biyu ne ko kusa da haka. Wanda muka shiga a saman bene yake, a ɗaki mai dogon tebur guda. Akwai mata da miji daga Ostareliya, da wasu 'yan mata daga Koriya ta Kudu, sai mu. A gaban kowa an ajiye kwano, maburgi na waya, ƙwai biyu, kofi, da 'yar matatar alminiyam da suke kira fin.

Malamar matashiya ce, iyayenta manoman gahawa ne a lardin Dak Lak da ke tsakiyar ƙasar. Ba ta fara da ƙwai ba, kuma na yaba mata a kan haka. Ƙwayar gahawa iri biyu ta zuba wa kowa a tafin hannu. Arabika doguwa ce, tsagar tsakiyarta a lanƙwashe. Robusta ta fi gajarta da kewaye, tsagarta miƙaƙƙiya. Ta ce mu tauna. Robusta ta fi ɗaci nesa ba kusa ba, kuma sinadarin hana barcin da ke cikinta ya kai ninki biyu na arabika. Limaman mishan Faransawa ne suka shigo da gahawa ƙasar a 1857, amma noman bai bunƙasa sosai ba sai bayan sauyin tattalin arziki na 1986, lokacin da gonaki suka mamaye tuddan tsakiyar ƙasar kewayen birnin Buon Ma Thuot. Yau Birazil ce kaɗai ta fi Biyetnam noman gahawa, a robusta kuwa babu na gabanta. Na ji wani abu a raina da ta ce asalin itacen robusta daga dazuzzukan tsakiya da yammacin Afirka yake. Kashunmu na can kudu ana fasawa, ga kuma wannan a hannuna.

Wannan bayani shi ne mabuɗin darasin duka. Gahawar ƙwai ba wasan burge baƙi ba ce. Robusta mai ƙarfi tana bukatar maiƙo da zaƙi su tausasa ta, kumfar ƙwai kuma tana bukatar ɗaci ya yanke mata gundura. In aka yi ta da gahawa mai sanyin ɗanɗano, ƙwai zai danne komai.

Sai muka koma kan fin. Kashi huɗu gare ta: faranti mai huji da ke zama a bakin kofi, jikin matatar, ɗan madanni, da murfi. Kowa ya auna garin gahawa giram 20 zuwa 25, ya girgiza ya daidaita, ya ɗora madannin a hankali. Ruwan ba a zuba shi yana kan tafasa, ana bari ya ɗan sauka. Kaɗan ake fara zubawa, a jira kamar daƙiƙa 30 garin ya sha ya kumbura, sannan a cika a rufe. Malamar ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duƙawa tana kallon ɗigon. In an danne da yawa, matatar ta toshe. In an sassauta, ruwan ya wuce da gudu, gahawa ta fito tsararo. Daidai shi ne ɗigo bayan ɗigo, minti 4 zuwa 5.

Yayin da take ɗiga muka fasa ƙwai. Gwaiduwa kaɗai ake so, kuma malamar ta nace a cire ɗan farin zaren nan da ke manne da ita, ta ce yana cikin abin da ke kawo ƙarni. Kwano ya zama busasshe. Gwaiduwa biyu, madarar gwangwani mai kauri da zaƙi babban cokali biyu, sukari ƙaramin cokali ɗaya. Can sai ta ɗauko wata 'yar kwalba.

"Malama, mene ne a ciki?" na tambaya.

Ta ce giyar rake ce, ɗigo kaɗan ake sawa don ƙamshi. Na gaya mata mu Musulmi ne, ba ma sha ko ɗigo ne. Ba ta nemi wani dogon bayani ba. Ta kawo mana zuma da banila, ta kuma nuna mana wata dabara: a ɗebi cokali guda na gahawar da ta fara ɗigowa a zuba cikin gwaiduwar kafin a kaɗa. Yana kashe ƙarni, yana kuma ba kumfar launi mai kyau. Har mutanen Ostareliya sai da suka ce irin tamu suke so.

Kaɗawar ita ce aikin. Akwai injin hannu mai lantarki da ke gamawa cikin 'yan mintuna, kuma shi gidajen gahawa ke amfani da shi yanzu, amma ta ce sai kowa ya fara da hannu, yadda aka yi a 1946. Ta riƙe maburgin tsaye tsakanin tafukanta tana murzawa, kamar yadda iyayenmu mata ke burga miyar kuka, sai Alhaji ya yi murmushi ya ce wannan kam mun gada. Da farko ruwa ne kawai mai launin lemo, yana ta zagaye kwano. Sai manyan kumfa su taso su fashe. Can launin ya fara kodewa, maburgin ya fara nauyi a hannu, ka ji abin yana turjewa. A nan kafaɗa ke fara ƙorafi, a nan kuma yawancin mutane ke tsayawa, alhali da saura. Iska ce kake turawa ciki, gwaiduwar tana kama ta a ƙananan ƙwayoyi, sukari da madara suna riƙe su kada su fashe. Sai ya ninka yawansa, ya yi sheƙi, in ka ɗaga maburgi ya zubo a hankali ya kwanta a sama bai nutse nan take ba. Da hannu sai da muka haura minti 10.

Gwajin da ta koya mana mai sauƙi ne. A ɗiga kaɗan cikin kofin ruwa. In ya tsaya a sama dunƙule, ya yi. In ya watse ya nutse, a koma kan maburgi. Ɗakin ya kaure da sowa lokacin da na ɗaya daga cikin 'yan matan Koriya ya fara tsayawa, domin ita ta fi kowa haƙuri.

Ina kaɗawa ina tunanin mutumin da ya yi wannan ga kowane kofi, kullum, a garin da ake harbe-harbe. Labarin na karanta shi kafin in zo ajin, amma sai da damtsena ya yi tsami na ɗauke shi da nauyin da ya kamata. Don haka nake ganin ajin da ya miƙa maka injin tun farko ya rage maka rabin abin da ka biya.

Haɗawar ba ta da wuya. A ɗumama kofi, a zuba gahawa, a kwarara kumfar a hankali ta bayan cokali don ta zauna a sama, a barbaɗa garin koko in ana so. Kwanon ruwan zafin da ake zaunar da kofin a ciki ba ado ba ne: da zarar ta huce, kumfar na saki kuma ƙarni na dawowa. Sha ma da tsarinsa. A fara da cokali biyu na kumfa, sannan a karkata kofin gahawar ta ratso ta ƙarƙashi su haɗu a baki. Wanda ya juya ta gaba ɗaya tun farko ya rasa wannan haɗuwar.

Bayan haka aka yi mana gahawar gishiri ta garin Hue da ta kwakwa mai ƙanƙara. Suna da daɗi, amma a gurguje aka yi su, kuma ciki ya riga ya cika da zaƙi. Da ni ne mai tsara ajin, da na bar su na ba mutane damar sake kaɗa ta ƙwai karo na biyu. Abu guda kuma ya kamata a riƙa faɗa da babbar murya: gwaiduwar ba ta dahuwa, zafin gahawa ɗumama ta kawai yake yi. Dole ƙwan ya zama sabo kuma mai tsabta, mai juna biyu da ƙananan yara kuwa gara su haƙura.

Kafin mu sauko na ce ina son fin biyu da gahawar da zan tafi da ita gida. Malamar ta tuna da zancen kwalbar ɗazu, sai ta ja hankalina cewa a suyar gargajiya wasu kan haɗa ƙwayar da man shanu da sukari, wasu har da ɗan giyar shinkafa. Ta rubuta mini kalma biyu a takarda, rang moc, ta ce in nemi su a jikin leda ko in nuna wa mai shago, su ne alamar an soya ƙwayar zalla ba a haɗa ta da komai ba. Ta kuma ce in sayi ƙwayar ba a niƙa ba, in an zo niƙa kada a yi laushi da yawa, in ba haka ba garin zai bi ta hujin fin ya sauka cikin kofi. Alhaji ya karɓi takardar daga hannuna ya ɗauki hotonta a wayarsa, ya ce a auna masa kilo biyu.