Godiya ga duk wanda ya taka ƙofarmu a makonnin nan goma sha ɗaya

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an cire mini filastar ƙafa, na kuma taka ƙasa da ƙafafuna biyu bayan mako goma sha ɗaya ina zaune wuri guda tun haɗarin keken da ya same mu a hanyar Bauchi. Jiya Lahadi kuma muka yi ɗan abin da yaran gidan nan suka kira baje koli: hotunan furanni ashirin da huɗu, rataye a igiyar shanya daga wannan bangon falo zuwa wancan. Na zaci mutum goma za su zo. Sai da aka aro tabarmi a maƙwabta.

Da farko ina gode wa mutanen da suka ɗauke ni daga bakin titi ranar, waɗanda ko fuskarsu ban riƙe ba, da ma'aikatan asibitin da suka yi haƙuri da kukana. Inna, ke da kika baro gidanki kika tare a nan cikin sanyin Disamba, ba ni da bakin gode miki, sai dai Allah ya biya ki da Aljanna. Maigida ya san nasa.

Maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu ce ta jawo duk wannan. Mu dai mun saba a kai wa majinyaci lemo da ayaba da kunun gyaɗa. Ita kuwa ta dawo daga coci wata Lahadi riƙe da jajayen furannin wardi guda biyar da ta saya a wajen masu fulawa na bakin titi. Wallahi ban san yadda zan yi da su ba. Inna ta zuba ruwa a tsohuwar kwalbar zuma ta tsoma su, ta ajiye a teburin da ke gindin taga. Da safe na ga yadda haske ya kwanta a kansu, na ɗaga waya na ɗauka. Hoton ya fito duhu, furen kamar jan tsumma, ga filas ɗin shayi da kwalin magani sun leƙo ta baya. Na tura wa Yaya don ya yi dariya. Maimakon dariya, washegari sai ga shi da tsohon abokin marigayi Babanmu, wanda ya daɗe da shagon hoto a wajen Taminus, nan cikin garin Jos, tun zamanin da ake wanke fim.

Baba, naka godiyar daban ce, don haka bari in faɗa wa mutane abin da ka yi. Kana shigowa ko zama ba ka yi ba ka ce, "'Yata, kashe ƙwan nan tukuna." Ashe hasken ƙwan ɗakinmu yana ja zuwa rawaya, na taga kuma yana ja zuwa shuɗi, idan suka haɗu a kan fure ɗaya launinsa ya dagule ke nan. Sannan ka sa aka juya teburin yadda hasken zai zo daga gefe, ba daga bayana ba. Nan take kowane ganyen furen ya samu inuwarsa, abin ya tashi ya yi jiki. Gefen da ya yi duhu da yawa kuma ka jingina masa farin kwali, haske ya buga ya dawo. Kwalin kalanda ne fa, aka juya bayansa.

Ka tambayi inda tagar ta fuskanta, muka ce arewa, ka ce mun yi sa'a, don a hunturu rana tana karkata kudu ne, ba za ta faɗo kai tsaye ta wannan tagar ba, haskenta zai zauna da taushi tun safe har la'asar. Tagar ɗakin yara da rana ke dukanta sai an rataya farin mayafi mara kauri kafin a yi komai. Baƙin zanen da muka sa a baya ma ka hana mu manna shi da kwalbar, ka ce a ja shi baya kamar kamu biyu, don kada haske ya same shi ya tona saƙarsa da ƙurarsa.

Da ka bar mini kyamararka da ƙafarta mai uku, sai da na yi kwana biyu ina tsoron taɓa ta. Yanzu na haddace: ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, a 100, ƙofar haske a f/8 ko f/11 idan ina son furen ya fito garau daga gaba har baya, ita kuma kyamarar ta ɗauki lokacinta, wani lokaci har rabin daƙiƙa. Shi ya sa ba a riƙe ta a hannu, ana sa mata jinkirin daƙiƙa 2 ne a janye yatsa. Fanka a kashe, kuma kada yaro ya jingina da teburin, wanda a gidan nan shi ne ya fi komai wuya. Masu waya kada ku ce ba da ku ake ba, kusan rabin hotunan jiya da waya na ɗauka, na jingina ta da littattafai, na goge gilashinta, na matso da kaina maimakon jawo hoton da yatsa. Jan fure a rage masa haske kaɗan, in ba haka ba ya zama dunƙulen ja babu layi ko ɗaya. Fari kuwa a ƙara masa, don na'urar tana mayar da shi toka-toka.

Jos tana sama da mita 1,200, sanyinta yana yi wa fure daɗi, amma busasshiyar iskar hunturu tana ƙona bakin ganyensa cikin kwana biyu. Ƙanwata ce ta ɗauki wannan aikin: yanke gindin kara a karkace, cire ganyen da zai nutse a ruwa, canza ruwan kullum, goge kwalba saboda ƙurar da ido ba ya gani sai a hoto. Na gode, auta. Ni dai har yanzu ban yarda da fesa wa fure ruwa don ya yi kamar raɓa ba, ƙarya ce da ake ganewa. Kuma hoton da na fi so duk cikinsu na wardi ne a kwana na shida, ya sunkuyar da kai, ganye biyu sun zube a kan tebur. Inna ta so ta share su, na roƙe ta ta bari.

Kawu, ƙaramar tukunyar ƙasar da ka kawo ta kori kwalbar zuma gaba ɗaya. Ka ce irinta na nan a ɗakin tukwane na Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, ni kuwa haifaffiyar garin nan rabona da shiga tun ina firamare. Da zarar likita ya yarda da doguwar tafiya kai za ka kai ni. Ɗalibaina da kuka riƙa tsinko furanni a katangun mutane kuna kawo mini, na gode, amma daga yau a nemi izini.

Waɗanda suka zo jiya, da waɗanda suka kira, da waɗanda suka yi addu'a daga nesa, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wanda na manta ya yafe mini.

Akwai ƙwarya ɗaya mai zane da faranti biyu na tangaran da ban san masu su ba, suna nan a ajiye. Baba, Yaya zai kawo maka kyamarar ranar Juma'a bayan masallaci, amma kwalin kalandar na riƙe.